Kawu Ovide Bai Taɓa Jin Mu Ta Gaba Ba

Ƙarfe biyar na asuba Kawu Ovide Lastrapes yake tashi, har yau ɗin nan, alhali babu inda za shi. Ya dafa gahawarsa baƙa ƙirin, mai ɗacin da sai shi, ya sha a tsaye. Ya sauko matakala ukun barandarsa yana lalube, ya zagaya gefen gida, ya tsaya a inda motarmu ta kwana shekara talatin da shida. Har yanzu ciyawa ta ƙi fitowa a wurin. Idan rana ta ɗaga sai ya miƙa mata bayan hannunsa, yana auna ta. Daga nan ya koma ciki ya kira ni a waya.

"Lalie, yau za a yi rana. Kada ki bar ta a mota."

"Kawu, yau fa Talata. Ba mu da wasa sai Asabar."

"To. Na dai gaya miki."

Ni ce Lalie ɗin, Eulalie Papillion, mai goge a ƙungiyar kiɗan Hilaire Jolivette da Samarin Prairie Ronde. Samari wai! Ƙaraminmu ya ba hamsin baya, ɗaya daga cikin samarin kuma ni ce, mace mai jikoki. Kawu Ovide direbanmu ne. Ba ƙanin uwata ba ne, ba wanta ba, amma tun ranar da na shiga ƙungiyar ina 'yar shekara ashirin da huɗu nake kiransa Kawu, shi kuma bai taɓa gyara mini ba. Wadda yake cewa kada in bari a mota kuwa, tsohuwar akodiyon ce ta Hilaire, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, baƙa, wadda muke kira Madam. A cikinta akwai 'yan harsunan ƙarfe masu ba da sauti, kuma da kakin zuma aka manne su. Ka rufe ta a mota da tsakar rana a watan Agusta, ka je ka ci abinci ka dawo, sai ka tarar kakin ya narke, harsunan sun zube, ta zama akwatin banza.

Mun yi yawo, ba a magana. Daga rawar tsakar gida da zauren coci a Opelousas muka fara, muna kaɗa wa Kiriyol, baƙaƙen fatan yankinmu masu jin faransanci, kiɗan zaideko ranar Asabar, muna kaɗa wa Kajun, fararen fatan yankin, nasu ranar Lahadi, har aka fara kiranmu Texas, aka kira mu Chicago, aka kira mu can Kanada inda mutane suke zama a kujera su naɗe hannu suna kallonmu kamar masu wa'azi. Faifai tara muka fitar. Ku ɗauko ko wanne ku juya bayansa, za ku ga sunan mai ɗaukar hoto, za ku ga sunan wanda ya ara mana ganga, har sunan karen Hilaire akwai a na huɗu. Na Kawu Ovide babu. Ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba, don ni ma na karanta takardun kafin a buga, ban ce uffan ba.

Ga yadda aikinsa yake. Shi zai zagaya ya kwashe mu ƙofa ƙofa, ya tuƙa awa tara ko goma muna baya muna sharar barci. Mun isa, ya sauke kaya, ya shimfiɗa wayoyi, ya ajiye Madam a kan kujera kusa da ganga. Da zarar mutane sun fara shigowa, sai ya fice ta ƙofar baya. Dole ya yi barci lokacin da muke kiɗa, don in mun gama shi zai ja mu zuwa gari na gaba. Saboda haka sai ya kai mota bayan zaure, wajen kwandunan shara, ya kwanta a kujerar baya, ya rufe fuska da hula. Shekara talatin da shida yana tare da mu, bai taɓa tsayawa a gabanmu ya ji kiɗanmu ba. Ta bango yake jin mu.

Na taɓa tambayarsa me yake isowa wurinsa. Ya ce, "Ganga dai, da ƙafafun mutane. In sun ji daɗi, sai tafi."

"Gogena fa?"

"Naki ba ya ratsa bulo, 'yata. Amma an ce kina ƙoƙari."

Gradney, mai goga allon ƙarfe da cokula, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ne ya fi kowa tsokanarsa. "Kawu, kai fa ba ka san ko ƙarya muke yi ba. Wataƙila faifai muke sawa muna motsa baki." Sai Kawu ya ce, "Da faifai ne, da ba a jefe ka da kwalba a Beaumont ba." Amma Gradney ɗin nan shi ne yake ba da labarin Minnesota, ranar da ƙanƙara ta rufe hanya, na'urar ɗumama mota ta mutu. Ya ce ya farka ya ga Kawu yana tuƙi da 'yar shara, haƙoransa na kaɗawa, rigar sanyinsa kuwa ya lulluɓe ni da ita don ina zazzaɓi. Ni ban ma sani ba sai bayan shekara biyu. Haka kuma kowa a cikinmu ya ci shinkafa da miyar da yake dafawa a 'yar tukunyarsa ta ƙarfe a bayan masauki, don Hilaire ya ce shi yatsunsa ba sa motsi a kan burodi.

Kai ne, Kawu, ka san inda za a sami inuwa a kowane gari daga nan har Seattle. Kai ne mai farkawa in mun yi barci, mai barci in ana yi mana tafi. Ba ka taɓa kai mu wuri a makare ba. Sau ɗaya tak ka yi kuskure, kuma shi ne zan faɗa, ko za ka ji haushina.

A Houston ne, wata Lahadi cikin Agusta, shekara ashirin da bakwai ke nan. Mutanenmu da suka tafi can aikin matatar mai ne suka gayyace mu zauren cocinsu, rawa ƙarfe huɗu na yamma. Matar Kawu, Azéma, tana kwance a asibiti a Opelousas kusan mako biyu. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne kawai. Ita ce ta ce masa ya tafi, ai kwana ɗaya ne. Mun isa da tsakar rana, matan coci suka ja mu kicin cin abinci. Kawu ya ce zai tsallaka titi ya buga waya, irin ta da ɗin nan da ake jefa wa sulalla, minti biyar. Ya kulle mota, Madam tana ciki a kan kaya. Bai dawo ba sai bayan kusan awa ɗaya.

Da Hilaire ya ɗauko ta, sai muka ji ƙaras ƙaras a cikinta. Ya ja ta, ba ta ce komai ba sai huci. Hilaire kuwa, Allah ya ba shi hannu, ya kuma ba shi baki mai kaifi. A gaban Fada, limamin cocin, a gaban mata goma sha masu riƙe da ludayi, ya juya kan abokinsa na ƙuruciya.

"Aiki ɗaya aka ba ka, Ovide! Ɗaya tak! Mutum ɗari uku suna zuwa, da me zan kaɗa musu, da haƙorana? Wace mace ce ka tsaya zuba da ita a waya har ka manta da abin da ya kawo ka?"

Kawu bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ku ba ni cokali da kyandir na zuma."

Fada ya shiga coci ya ɗauko kyandir biyu. Kawu ya zauna a ƙasan kicin, ya shimfiɗa tsumma, ya jera harsunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya narka kaki a cokali a kan murhu, ya riƙa ɗiga shi yana manne su. Ina tsugune kusa da shi ina miƙa masa. Kusan awa uku bai ce mini kome ba sai "wancan" da "riƙe nan". Ƙarfe huɗu saura kwata Madam ta yi magana. Aka yi rawa, manyan maza suna share ido da hula don kewar gida. Shi kuwa ya tafi bayan zaure ya kwanta a mota. Da aka tashi ya tuƙa mu awa huɗu, ya sauke kowa a ƙofarsa kamar kullum, ya ce mu huta gajiya.

Sai washegari da safe matar Hilaire ta ji a wajen sayen burodi. Azéma ta rasu tun ƙarfe sha ɗaya na safiyar Lahadin. Abin da aka gaya masa ke nan a wayar.

Hilaire ya je jana'iza, ya ɗauki akwatin gawa da kafaɗarsa, ya gyara wa Kawu rufin ɗaki a daminar da ta biyo baya ba tare da an roƙe shi ba. Amma maganar nan da ya faɗa a kicin, bai sake taɓa ta ba. Kawu ma bai tayar ba. Bayan mako biyu ya zo ɗaukarmu, sai muka ga Madam a kujerar gaba, inda Azéma take zama in wasan na kusa ne, an ɗaura mata bel ɗin kujera. Daga ranar babu wanda ya sake zama a kujerar. Sau da yawa nakan farka a tsakiyar hanya, ko'ina gonakin shinkafa, in ji shi yana magana ƙasa ƙasa da faransancinmu, yana ba kujerar labarin abin da muka wuce. Nakan mai da idona in rufe.

Bara likita ya ce idonsa ya ƙare, ba zai ƙara tuƙi ba. Da ma tafiyar ta ragu, rabin zaurukan da muka sani sun zama shagunan sayar da taya. Ya kira ni, ya ciro makullin motar daga zaren da yake rataye a wuyansa, ya danƙa mini. Na kai motar gidana. Ya rage daga shi sai rediyo da kaji huɗu.

Ni fa ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na tafi wurin Hilaire, na same shi yana ba kare abinci.

"Ovide ya kai saba'in da bakwai, kai saba'in da huɗu. Sai an rufe ɗayanku sannan za ka buɗe baki?"

"Ya san abin da ke raina."

"Ta ina ya sani? Ta bango? A gaban mutane ka zage shi, a gaban mutane za ka wanke shi. In ba haka ba ka nemi wata mai gogen."

Ya tura wa karen kwanonsa, sannan ya ce, "Ke dai tun kina yarinya ba ki da kunya." Na ce na ji, sai ranar Lahadi.

Muka shirya rawar yamma a zauren cocin ƙauyenmu, Prairie Ronde, ƙarshen Yuli. Ba mu gaya wa Kawu dalili ba, na ce masa kawai ya zo ya ji ko ƙarya muke yi. Na je ɗaukarsa na tarar ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Na buɗe masa ƙofar gaba zan cire Madam, ya dafa hannuna. "Wurinta ne," in ji shi, ya shiga baya.

A nan ne na yi abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Da muka isa, hankalina duk yana kansa. Na riƙe masa hannu kada ya yi tuntuɓe, na kulle mota, na ratsa da shi cikin mutane, na zaunar da shi a kujerar da ke tsakiya sosai a layin gaba, kusa da matar Gradney, na sa aka kawo masa gumbo, miyar kuɓewarmu da shinkafa. Sauran kaya tun safe suna ciki. Hilaire ya fara da jar akodiyon ɗinsa sabuwa, don Madam sai kashi na biyu ake ɗauko ta. Ina jan goge ina satar kallon Kawu, ina ganin kansa a karkace, yana murmushi. A raina na ce yau dai ya ji ni.

Daga baya matar Gradney ta gaya mini cewa bayan kiɗa na uku ya matso ya tambaye ta, "Akwai baƙin akwati a kan kujera kusa da ganga?" Ta duba ta ce babu. Ya ce zai zagaya.

Ban ga fitarsa ba, don mutane sun cika fili da rawa. Aka yi kiɗa biyar ko shida. Sannan Hilaire ya ɗaga hannu, muka tsaya, ya matsa kusa da abin magana. Ya faɗi abin da zai faɗa, duka, bai rage ba. Kowa a zauren nan ya miƙe, aka yi ta tafi, aka yi ta tafi, masu rawa suka dare don a ga mutumin. Kujera ce kawai, da kwanon gumbo a kanta.

Sai na ji makulli a aljihuna. Na kulle Madam a mota, a cikin rana.

Ban san yadda na sauka ba. Na same shi a filin ajiye motoci, rana tana dukan kwalta har tana ƙyalli. Ya cire kwat ya shimfiɗa a kan gilashin gaba ta ɓangarenta. Shi kuma ya manna bayansa da tagar gefe, ya buɗe hannuwa, ya tare hasken da jikinsa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Fiye da rabin awa yana tsaye a haka. Ba shi da makulli, kuma a rayuwarsa bai taɓa tsayar da kiɗa don ya yi magana ba.

"Buɗe, 'yata," in ji shi.

Na buɗe. Ya lalubo ta, ya kwance bel, ya kai hancinsa jikinta ya shinshina, ya girgiza ta kusa da kunne. "Bai narke ba. Kai ta ciki." Iyakar abin da ya ce ke nan. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Mutane suka fito, kowa yana kama hannunsa, sannu Ovide, sannu da ƙoƙari, mata suna kuka. Shi ya ɗauka jajen rana ake yi masa, yana ta cewa ba komai, ku koma ku yi rawarku. Hilaire ya zo ya tsaya a gabansa. Na zuba masa ido, ina jira. Bakinsa ya motsa, ya sake motsawa, sannan ya ce, "Shiga inuwa, tsoho." Daga baya ya ce mini, "Sau ɗaya nake da maganar nan a cikina, Lalie, na kuma fitar."

Jiri ya ɗebi Kawu, muka kai motar ƙarƙashin bishiya a bayan zaure, muka buɗe ƙofofi, muka ba shi ruwa. Ya kwanta a kujerar baya, ya ɗora hula a fuska, ya ce mu je mutane suna jira. Haka ya ji sauran wasan da aka shirya dominsa.

Da aka tashi na ɗauke shi zuwa gida. Sai da muka kusa, ya ce, "Ɗazu ina waje na ji tafi, mai tsawo. Ban taɓa jin an yi muku irinsa ba. Wane kiɗa ne suka so haka?" Na ce zan gaya masa, na sauke shi, na kalle shi yana laluben matakala ukun nan shi kaɗai.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ku da kuke karantawa, duk wanda yake da mai kwana a bayan zaure dominsa, ya tashi ya kira sunansa yau, ya kuma duba ya tabbata mutumin yana cikin ɗakin. Masu tasowa da suke son aikin hanya, ku je Prairie Ronde ku zauna a barandarsa, zai koya muku riƙon amana ba tare da ya ambaci kalmar ba, kuma zai ji daɗin baƙi.

Kai kuma, Kawu, ranar Talata in ka kira ni ba zan ɗauka ba, don ina kan hanyar zuwa da takardar nan, zan karanta maka da bakina. Na gode da rigar Minnesota. Mun gode da shinkafa, da inuwa, da kai mu gida da rai sau dubu. Ga abin da Hilaire ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba:

"Jama'a, akwai mutum a nan, sunansa Ovide Lastrapes. Shekara talatin da shida shi yake kawo mu gabanku. Ranar da matarsa ta rasu na zage shi a Houston a gaban mutane, shi kuma ya zauna a ƙasa ya gyara mini abin kiɗana da kyandir, bai gaya mini ba don kada hannuna ya mutu. Duk abin da kuka ji na kaɗa tun daga ranar, da kakinsa na kaɗa. Ovide, ɗan'uwana, ka yafe mini."

Ba kiɗa ba ne, Kawu. Tafin da ka ji ta bango, naka ne.